Jar dara da ɗan Kura a kan teburina

Daren jiya na gama fentin soja na 12, wanda ya cika rukunina na farko na masu jar dara, wato baƙaƙen sojojin da Turawa suka ci Kano da su. Tsawonsa milimita 28 daga tafin ƙafa zuwa ido, bai kai gaɓa biyu ta ɗan yatsana ba. Da farin ƙarfe mai gamin kuza aka zuba shi, yana tsaye ya ɗan sunkuya, bindiga a kafaɗa, ƙafa ba takalmi. An ɗauke wuta tun magariba, don haka a ƙarƙashin fitilar caji na jera su bisa murfin kwali, na zauna ina kallonsu har shayina ya huce. Mako 7 suka ci mini, awa ɗaya ko biyu kullum bayan isha'i, in yara sun kwanta.

Ga wanda bai taɓa ganin wannan sana'ar hannu ba: ana ƙera 'yan mitsi-mitsin sojoji na wani zamani da ya wuce, ka saye su tsirara ba launi, ka yi musu fenti da kanka, sannan ku jera su a kan faffaɗan tebur da aka yi wa tuddai da itatuwa da gidaje, ku sake buga wani yaƙi da aka taɓa yi. Akwai littafin dokoki, akwai tef ɗin awo irin na tela da ake auna tafiyar kowane rukuni da shi, akwai ƙwayoyi irin na lido masu yanke hukuncin ko harbi ya samu ko ya kuskure. Asalin abin daga hafsoshin Jamus ne na ƙasar Furushiya, waɗanda suka mai da shi hanyar koyon dabarun yaƙi tun 1824, daga baya ya fita bariki ya shiga gidajen mutane.

Ni a Ingila na gamu da shi, lokacin da na je ƙaro karatu a Notingham, garin da kamfanonin ƙera waɗannan 'yan sojoji suka yi wa tsinke. Wani maƙwabcina ya ja ni wani zaure da suke haɗuwa duk daren Laraba. Tebura ne reras, wannan yaƙin Zulu, wancan yaƙin Mahadi na Sudan, can kuma iyakar Indiya da ƙasar Afganistan. Wani dattijo mai farin gemu ya tambaye ni daga ina nake, na ce Kano. Sai fuskarsa ta washe, ya ce, "1903! Morland! Ƙofar Kabuga!" Da zuciya ɗaya ya faɗa, irin murnar wanda ya daɗe yana karanta labarin wuri sai ga ɗan wurin a gabansa. Amma abin ya tsaya mini a rai. Ta Kabuga nake bi kullum in zan tafi makaranta shekara da shekaru, ban taɓa tsayawa na ce nan ne aka fasa aka shigo ba. A daren nan na yi niyya: in har zan shiga wannan wasa, yaƙin gidanmu zan yi wa fenti, kuma ɓangarorin biyu duka.

Da na fara karatu a kan rundunar da ta ci Kano, lissafi ne ya fara dakatar da ni. Kanar Morland ya taso daga Zariya ranar 29 ga Janairu 1903, ya bi ta Bebeji, Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu. Turawan da ke cikin tafiyar ba su kai 40 ba. Sauran, mutum 700 da ɗoriya, baƙar fata ne, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4, wato Maxim, wadda ake zuba wa ruwa don kada bakinta ya yi zafi. A gida muna cewa "zuwan Nasara", ko "Turawa sun ci Kano", kuma gaskiya ne, su suka shirya, su suka ba da umarni, su suka ci riba. Amma in za ka jera rundunar a kan tebur bisa adadinta, kowane Bature ɗaya da ka yi wa fenti sai ka yi wa baƙaƙe kusan 20. Kwalbar jan fenti da ta ruwan ƙasa su ke ƙarewa, ta launin fatar Bature tana nan cike.

Su waye waɗannan mutane? Tushensu ya faro daga Legas a 1863, sa'ad da wani hafsan jirgin ruwa, John Glover, ya tara wasu 'yan Arewa, yawancinsu bayin da suka gudo daga iyayen gijinsu, ya ba su bindiga. Aka riƙa ce musu Hausawan Glover. Sun je yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, kuma tun daga nan sunan Bahaushe ya manne da aikin soja a bakin teku, har Gwalkwas, ƙasar Gana ta yau, ta kafa tata rundunar da sunan Hausawa. A 1897 gwamnatin Ingila ta ɗora wa Lugga kafa rundunar kan iyaka ta Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaitawa WAFF, don tare Faransawa da ke matsowa ta Borgu. Akwai Yarbawa a ciki da yawa, akwai Nufawa, kuma a wurin Bature duk wanda ya fito daga Arewa yana jin Hausa, Bahaushe ne, ko da Bagwari ne ko Babarbare ko Bazabarme. Da Hausa ake magana a bariki. Daga can muka samo kurtu da kofur da saje da samanja da hafsa da banati, kalmomin da har yau ba mu jin baƙuntarsu.

Aikin fenti da wanka yake farawa. In sojan ya fito daga leda, akwai wani siririn layi da ya zagaye shi, inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu. Da bakin reza nake kankare shi a hankali, musamman a kan dara da gefen fuska, domin in ka bar shi, fenti sai ya ƙara fito da shi kamar tabo. Sannan a wanke da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a fitar da maiƙon mazubi, in ba haka ba fentin zai riƙa ɓarewa. Sai in liƙa kowanne a kan zoben ƙarfe mai faɗi irin na makanikai, wanda ke ba shi nauyi kada fanka ta kayar da shi. Shafen farko na feshi ne, kuma ni ruwan ƙasa mai duhu nake fesawa, saboda duk lungun da buroshi bai kai ba sai ya zama inuwa da kansa.

Wanda ya koyi aikin nan a Turai ya dawo gida, dole ya sake koyo, kuma hunturu ne malaminsa. Fentin da muke amfani da shi na ruwa ne, ni Vallejo na fi riƙewa, kuma a watan Janairu a Kano ɗigon da ka ɗiga yakan yi fata kafin ka wanke buroshi ka dawo. Maganin da na samu shi ne ƙaramar robar abinci mai murfi: in shimfiɗa siririn soso a ciki, in jiƙa shi sharkaf, in ɗora takardar gashin kek a kai, a kanta nake dama fenti. Danshin yana ratsowa ta ƙasa, fentin ya kwana biyu bai bushe ba. Ƙura kuma ita ce babbar abokiyar gaba. Na taɓa shafa wa mahaya 6 man kariya na ƙarshe na bar su a bakin taga su sha iska, da safe na tarar kowanne ya yi furfura da ƙurar da ta manne, sai da na jiƙa su na goge fentin gaba ɗaya na koma farko. Tun ranar, duk abin da na shafa sai na kife masa kwano.

Kaki ba launi ɗaya ba ne, duk wanda ya taɓa sa kayan makaranta ya sani. Sabo yana da ɗan kore-kore, wanda ya sha wanki da rana yana komawa kamar garin dawa. Mutanen nan sun yi tafiyar kwanaki a ƙasa cikin hunturu, don haka ban yarda su fito iri ɗaya kamar 'yan fareti ba. Nakan shafa kakin tushe, in bi shi da tsinkakken ruwan ƙasa wanda ke gangarawa cikin lanƙwasar tufa ya zauna, sannan in dawo da launi mai haske a kan kafaɗu da gwiwoyi da duk inda rana za ta fi duka. Wasu na ƙara musu fari, wasu na bar su da duhu. Akwai jar 'yar shara mai rawayan ado a baki da jar ɗamara da ake ganinsu da ita a zane-zane, kyakkyawa ce ƙwarai, amma kayan fareti ce, ban sa wa kowa ba. Dara ita ce ke ɗaukar ido. Ja yana da wuyar sha'ani a kan duhu, sai na fara da jan goro mai duhu, in bi da ja sosai har sau 3, in ɗan taɓa gefen sama da ruwan lemo. A tsofaffin hotuna darar takan fito baƙa ƙirin, domin filim ɗin wancan zamani haka yake ɗaukar ja, kuma wannan ya taɓa ruɗa ni kafin na gane.

Inda na fi daɗewa shi ne fata. A yawancin jagororin fenti da na gani a waje, kwalba ɗaya ake nuna maka a ce ga launin mutumin Afirka, ka shafa wa Bazulu, ka shafa wa Basudane, ka wuce. Mu kuwa da muke zaune cikin mutane mun san akwai baƙi wuluk, akwai wankan tarwaɗa, akwai ja, akwai wanda hunturu ya busar da ƙafarsa ta yi fari-fari. Launi 4 nake haɗawa, kuma ba na maimaita haɗi ɗaya ga mutum biyu a jere. Baƙar fata ba da fari ake haskaka ta ba, in ka yi haka sai mutum ya fito kamar ya yi birgima a toka. Da ɗan ja ko ruwan lemo ake ɗaga ta, a goshi da karan hanci da ƙashin kunci. Tafin hannu da gefen tafin ƙafa kuma na fi haskaka su, na bi dugadugai da busasshen buroshi mai launin ƙura don kaushi ya fito. Ba takalmi suka yi wannan tafiya, daga Zariya har Kano, wasunsu har Sakkwato.

Soja na 12 shi ne dalilin wannan rubutu. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, takan ce mahaifinta tsohon soja ne. Ba ta faɗa da alfahari, ba ta kuma ɓoyewa. Abin da ta sani shi ne an kama shi yana yaro a wani hari, bai san sunan garinsu ba, ya girma a hannun mutane, ya gudu, ya sa kaki. Ta ce yana da zane a fuska da babu wanda ya san na wace ƙasa ne a unguwarsu, tsaga 3 a kowane kunci da wata guda a goshi, kuma har ya rasu bai taɓa ba su labarin yaƙi ba. A gidan mahaifina kuwa, mu 'yan cikin birni ne, labarin da na tashi da shi na waɗanda suka ji ƙarar igwa daga cikin ganuwa ne. Kan wannan ɗan soja bai wuce ƙwayar dawa ba. Na ɗauki buroshina mafi siriri, na sa gilashin ƙara girma, na riƙe numfashi, na ja layi 3 a kunci na dama, 3 a na hagu, ɗaya a goshi. Sau biyu hannuna ya goce na goge. Da na gama sai na ajiye buroshi na yi wa tsohon addu'a, mutumin da ban san shi ba sai ta bakin 'yarsa.

Ba wanke su nake yi ba. Sojojin nan sun harbi mutane a Bida da Kwantagora da Yola da Kano da Sakkwato, kuma ƙauyuka da yawa sun ɗanɗana kuɗarsu wajen ƙwacen abinci da dabbobi, shi ya sa aka daɗe iyaye a Arewa ba sa son ɗansu ya shiga soja. Amma wanda aka sayar da shi a kasuwa yana yaro, in ka ce ya ci amanar daula, sai ka fara faɗin wace amana daular ta riƙe masa. Na fi shekara 20 ina jin labarin kakata, amma sai da na zauna ina zana wa wannan fuska tsaga tambayar ta zo mini.

Ɗaya ɓangaren ya fi wuya, ya kuma fi daɗi. Masu jar dara ana samunsu a kasuwa, domin sojan Afirka mai dara da kaki kusan siffa ɗaya ce a wurare da yawa. Mayaƙan daular Usmaniyya ta Sakkwato kuwa ban samu waɗanda suka kwanta mini ba, sai na koma gyara. Na sayi akwatin mayaƙan Mahadi na roba na kamfanin Perry, waɗanda ke sanye da jibba mai faci-faci, na kankare facin, na kwaɓa wani ƙullin gam mai kala biyu da ake murzawa har ya haɗe, na faɗaɗa hannun riga ya zama na babbar riga da aka naɗe a kafaɗa. Rawani da tsinken sakace nake naɗa shi, zagaye bayan zagaye, da amawali da ya rufe baki. 'Yan baka na yi musu warki da kwari a baya da layu a wuya da kambu a dantse. Wasu na ɗora musu malfa.

A nan ne zama ɗan gida ya yi mini rana. Wanda bai taɓa ganin ɗan Kura ba, in ya karanta cewa shuɗin rawani ne, shuɗi zai shafa ya wuce. Amma ɗan Kura ya sha baba ya sha shuni ya sha bugu, yana wani ƙyalli tsakanin baƙi da shuɗi da ruwan jan ƙarfe, yana canzawa in mai shi ya juya. Na je marinar Ƙofar Mata da wurin masu bugu na zauna ina kallon yadda rana ke sauka a kan turmin da aka gama, har wani dattijo ya ce, "Malam, saye za ka yi ko kallo?" Na nuna masa ɗan mahayin da ke aljihuna na gaya masa abin da nake nema. Ya jujjuya shi a tafin hannunsa, ya ce, "To ai ka cika shuɗi, ɗana. Ƙara masa baƙi, ka bar hasken a kan tudu kawai." Haka na yi: baƙi da shuɗi mai duhu a ƙasa, siririn layin shunayya a kan kowace lanƙwasa, sannan bayan na shafe duk jikin da man kariya marar ƙyalli, na dawo na taɓa rawanin kaɗai da mai ƙyalli. Ya fito.

'Yan lifidi su ne abin alfaharin teburina. Doki da mahayi duk a cikin rigar auduga da aka cusa aka ɗinke, kwalkwali a ka, wani da sulke a ciki. Hawan Sallah shi ne littafina a nan, hawan Daushe da na Nasarawa, inda har yau za ka ga lifidi da idonka, ja da rawaya da kore da shuɗi an yanka an haɗa. Sai dai nakan rage wa launukan ƙarfi, domin yadin kanti na yanzu ya fi rinin da can kaifi. Dawaki kuma ban yarda a ce duk ruwan ƙasa ba ne. Ina da akawal baƙi, da kili, da bidi mai ɗige-ɗige wanda na yi da tsinken soso, da gunya, da bikili guda 3. Sirdi mai tudu gaba da baya, jalala, linzami, faffaɗar likkafa wadda ita kanta makami ce. Doki ɗaya da mahayinsa yakan ci mini dare 4.

Akwai maganar da na san mai karatu yana riƙe da ita tun sakin layi na farko, domin ita mahaifiyata ta fara yi mini. Ta shigo ɗakina ta ga jerin mutane a kan tebur, ta tsaya, ta ce, "Kai kuma waɗannan gumakan fa?" Na ce, "Hajiya, ba gumaka ba ne, na koyon tarihi ne." Ta ce, "To ka tambayi malamai, kada ka hana mala'iku shiga gidanka." Maganarta na da nauyi, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Na tambaya. Hanin da aka yi a kan surar abu mai rai sananne ne, kuma akwai malaman da ba su sassauta ba ko kaɗan. Akwai kuma waɗanda suka ware abin wasa da abin koyarwa da ba a girmama shi, suna kafa hujja da 'yan tsanar Nana A'isha, har da dokinta mai fukafukai da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi murmushi. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa nake ba kowa ba. Abin da na tsayar wa kaina shi ne ba na kafa su a falo don ado, ba na barinsu a ɗakin da ake salla, in an gama aiki ko wasa suna komawa akwati a rufe. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, barinsa ya fi masa, kuma ina ganin girmansa.

Mu 4 ne muke wasan yanzu, ranar Asabar bayan la'asar, a zauren wani abokina. Mun shimfiɗa bargo mai launin ƙasa a kan tebur mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, na yi ganuwa da farin soson kwalin firji na shafe ta da jar ƙasa da gam, na yi kuka da waya da takarda, ciyawa kuma igiyar rama ce na warware na yayyanka. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar kowane soja rairayi ne na gaske da na tankaɗe daga bayan gida.

Yaƙin da muka fi bugawa shi ne na Kwatarkwashi. Lokacin da Kano ta faɗi, Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato da manyan mayaƙansa, Sarkin Shanu ne aka bari a gari, kuma a gidan sarki ya mutu yana faɗa. A ƙarshen Fabrairu rundunar Kano ta yi karo da wani ɗan ƙaramin rukunin sojoji masu dawaki, mutum 40 da 'yan kai, ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright. Suka sauka suka yi sahu mai kusurwa huɗu, kowa ya ba ɗan'uwansa baya, baraden Kano suka yi ta kawo sukuwa suna faɗuwa. A nan Waziri Ahmadu ya yi shahada. Wright ya samu lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila. Sunayen waɗanda suka tsaya a sahun tare da shi kuwa ba su ake karantawa a littattafai ba.

Tebur yana koya maka abin da karatu ba ya koyarwa. A dokokinmu doki yana cin inci 10 zuwa 12 a motsi ɗaya, bindiga tana kaiwa inci 24. Ma'ana kafin mashi ya taɓa kowa, sai mahayi ya sha ruwan harsashi sau biyu a fili fetal. Abokina da ke riƙe da Kanawa ya gwada ta gaba, ya gwada ta gefe, ya raba rundunar biyu, duk sakamako ɗaya in dai sahun ya riga ya tsayu. Ran nan ya ajiye tef ya ce, "Wallahi mutanen nan sun san abin da ke gabansu, kuma suka zo." Zauren ya yi tsit. Mun kuma ga ɗaya fuskar: duk ranar da mahaya suka riski sojojin kafin su haɗa sahu, ko a cikin duhuwa, labari yakan juya. Haka ya faru a gaske. A watan Mayu 1903 mutanen Burmi sun kori harin farko da aka kai musu. A Satiru kuma, a Fabrairun 1906, talakawa da gatura da fartanya suka tarwatsa rukunin sojoji masu dawaki, suka kashe Turawa 3 da sojoji fiye da 20, suka ƙwace bindiga mai ruwa.

Akwai yaƙin da ba na ɗorawa a tebur. Abin da aka yi wa Satiru wata guda bayan nan, da aka koma aka shafe garin, kisa ne, ba abin da za a jefa wa ƙwaya. Haka Burmi ta 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi da ɗaruruwan mutanen da suka bi shi hijira bayan an ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Jikokin waɗanda suka tsira suna nan a Mai Wurno, a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda ɗansa Muhammadu Bello ya kai su. Abokan wasana na Ingila za su iya buga Burmi su tashi su sha shayi, ban kuma zarge su ba, nesa ce ta ba su wannan. Ni na yi wa mai riƙe da tuta fenti, na yanka tutar daga siririn gwangwani na lanƙwasa ta kamar iska na kaɗa ta, amma ban rubuta komai a jikinta ba, domin ba na son ayar Alƙur'ani a kan abin da hannuwa za su yi ta ɗauka suna ajiyewa.

Ɗana na fari, mai shekara 9, shi ke wanke mini buroshi. Jiya da na jera masu jar darar ya leƙo ya ce, "Abba, waɗannan su ne mugayen?" Na ɗauko na 12 na ɗora masa a tafin hannu, na ba shi gilashin, na ce ya duba kuncin. Ya daɗe yana dubawa. Na gaya masa wane ne yake da irin wannan zane, da yadda aka yi ya sa kaki, da kuma su waye suke cikin ganuwa a ranar. Ya ce, "To mu wanne ne namu?" Na ce duka biyun. Bai gamsu ba, na gani a fuskarsa, ya dai mayar da sojan cikin sahu a hankali.

Rukuni na gaba da ke jirana a cikin kwali ba su da bindiga ko mashi. 'Yan dako ne, mutum 16. Igwar da ta fasa Kabuga ba da ƙafarta ta zo ba, kwance ta ake yi gunduwa-gunduwa a ɗora wa mutane a ka, haka akwatunan harsashi da tantunan hafsoshi da abincinsu, kuma da yawa ba da son ransu aka ɗebo su daga garuruwansu ba. A dokokin wasa ba sa harbi, ba sa cin maki, shi ya sa yawancin masu wasa ba sa ɓata fenti a kansu. Na riga na kankare su na wanke. Abin da ya rage kafin shafen farko shi ne gammo, don wanda ya ƙera su ya ɗora musu kaya a kan tsurar kai. Na yanka zaren buhu na murza, gobe in Allah ya kai mu zan naɗa wa kowanne nasa.